Waya ta cinye mini dare, ga BAC na tafe

Assalamu alaikum, Anti. Ni ɗaliba ce a wani lise a nan Damagaram, shekarata 18, ina ajin ƙarshe da ake rubuta BAC, wato jarabawar gama lise, seri D, ɓangaren kimiyya. Bara na wuce da mwayen 13 bisa 20, shi ne yayana da ke aiki a Agadas ya aiko mini da babbar waya tukuici. Da farko rukunin ajinmu na WhatsApp kawai nake shiga, don a nan ake turo darasi da tsofaffin takardun jarabawa. Yanzu kuwa TikTok ya cinye ni. Ina kwanciya da niyyar in kalla na minti goma, sai in ga ƙarfe biyu na dare. Da safe a aji gyangyaɗi nake, in kuma na buɗe kaye a gida ba na kai layi biyar sai hannuna ya tafi waya. Kuɗin kalacina nake sayen forfe na data da su, dala ɗari kusan duk kwana biyu. Sau uku ina goge TikTok ɗin ina sake ɗora shi. Sakamakon zangon farko ya fito, 8 na samu da ɗan wani abu. Mama ta gani ta yi shiru. Baba kuwa na ɓoye masa, don ya taɓa cewa in na faɗi BAC ko bik ba zai sake saya mini ba, aure zai yi mini. In ya sani zai ƙwace wayar, ga darussanmu a ciki. Anti, ji nake kamar kaina ya lalace. Burina in karanta aikin likita. Me zan yi?

Wata ɗaliba, Damagaram

Wa alaikumus salam, ƴata. Daga duk abin da kika rubuto, maganar da ta fi tsaya mini a rai ita ce wadda kika ce kanki ya lalace. To, kanki bai lalace ba. Kan da ya kawo 13 bara a seri D, inda lissafi da kimiyya ba sa raga wa kowa, shi ne dai a wuyanki yau. Gajiya ce ta yi masa yawa, yunwa ta yi masa yawa, sannan an saba masa da wani irin abinci mai zaƙi wanda ba ya ƙosarwa. Duk waɗannan suna da gyara, kuma tsakanin yanzu da watan Yuli akwai sauran lokacin da yarinya irinki za ta iya tashi tsaye. Amma fa ba zan rufe ki ba: ba sauran lokacin wasa. 8 ba ƙaramin gargaɗi ba ne.

Na koyar shekaru a wani CEG, wato ƙaramar sakandare, kafin in bar alli, kuma har yau ina ganin wata yarinya a idona, a benci na uku gefen taga. Darasin farko na safe, ta dafe haɓa da hannu ɗaya, bik a ɗaya hannun, idonta a kan allo kamar mai bin darasi. Da na zagayo na duba kayenta, sai na tarar rubutun ya fara daidai a kan layi, ya gangara ƙasa, ya zama wani zare mai lanƙwasa har ya fita daga takardar. Barci take da ido a buɗe. Yarinyar nan ba daƙiƙiya ba ce, ba ta kuma raina ni ba. Dare ne aka sace mata. Da na karanta wasiƙarki, wannan zaren tawadar na tuna.

Mu yi lissafin tare, tunda ke ƴar lissafi ce. Kin kwanta ƙarfe biyu, an tashe ki sallar asuba, ga shara da ɗiban ruwa da shirin lakkol. Ko awa huɗu ba ki samu ba. Likitocin da suka ƙware a kan barci sun ce matashi mai shekara 13 zuwa 18 yana bukatar awa 8 zuwa 10 a kowane dare. Ke rabin mafi ƙarancin ma ba kya samu. Kuma barci ba hutun jiki kaɗai ba ne. A cikinsa ne ƙwaƙwalwa take tattara abin da ta koya da rana, ta jera shi, ta adana. Kamar mai ɗiban ruwa ne da ta wuni tana jido, dare ya yi ba ta juye a randa ba, ta bar shi a tulu mai yoyo. Darasin da mushe ya bayar jiya kin ji shi, kin ma gane shi a lokacin, amma ba a juye shi a randa ba. Shi ya sa ranar kompozisiyo, wato jarabawar zango, kike duban tambaya ki ce wallahi na san wannan, amsa kuma ta ƙi zuwa. Ni a ganina rabin makin da kika zubar, a kan tabarmar kwana kika zubar da shi.

Sauran rabin kuma shi ne hannun nan da ke tafiya waya kafin layi biyar. Ina so ki daina zagin kanki a kan wannan, ki fahimci da wa kike kokawa. Littafi yana da ƙarshen shafi, fim yana da ƙarshe, hirar fada ma in shayi na uku ya ƙare kowa yakan kakkaɓe riga ya tashi. Waɗannan manhajoji kuwa da gangan aka cire musu ƙarshe. Wanda ya ƙirƙiro dabarar nan ta jan allo ƙasa ba iyaka, wani Ba'amurke ne mai suna Aza Raskin, a 2006, kuma daga baya shi da bakinsa ya fito ya nuna nadamar yadda aka yi amfani da ita. A kan wannan dabara TikTok ya ƙara tasa: yana lura da bidiyon da kika tsaya a kai, da wanda kika maimaita, da wanda kika wuce da sauri, sai ya riƙa miƙo miki irin wanda ya ga yana riƙe ki. Ba kowane ne yake burge ki ba, kin sani. Biyar ba daɗi, na shida ya sa ki dariya har hawaye, sai zuciya ta ce bari in ga na gaba, wataƙila shi ma haka yake. Wannan wataƙilar ce take kai ki ƙarfe biyu. Kamfanonin da lokacinki suke samun kuɗin talla, kuma sun ɗauki ƙwararru suna biyansu don kada ki ajiye. Yarinya ɗaya a gajiye da tsakar dare, ita kaɗai da niyyarta, ba za ta kada su ba. Shi ya sa goge shi sau uku bai yi aiki ba: kin goge, amma wayar tana nan ƙarƙashin matashin kanki, ɗora shi kuma minti biyu ne.

Akwai wani bincike da aka fitar a 2017, wanda wani malamin jami'ar Texas a Amurka ya jagoranta, da ya shafi maganarki kai tsaye. Sun ɗauki mutum kusan 800 suka ba su gwajin da ke bukatar natsuwa. Wasu aka ce su kife wayarsu a kan tebur, wasu su sa a aljihu ko jaka, wasu kuma su bar ta a wani ɗaki. Duk wayoyin a shiru suke, ba ƙara ba girgiza. Waɗanda wayarsu ke wani ɗaki su suka fi ƙoƙari, waɗanda tasu ke gabansu suka fi kasawa. Ma'ana, ko ba ki taɓa ta ba, wani ɓangare na hankalinki yana tsaye yana gadin hannunki kada ya kai. Taura biyu ba ta taunuwa a baki ɗaya. In kina warware lissafi kika leƙa saƙo na daƙiƙa goma, ba daƙiƙa goma kika yi asara ba, zaren tunanin ne ya tsinke, sai kin koma baya kin sake kamo shi. Ki yi haka sau ashirin a zama ɗaya, ki tashi kin yi awa biyu a kan kaye ba ki riƙe komai ba, ki ce kanki ya lalace.

Ba ke kaɗai ba ce, ba kuma Damagaram kaɗai ba. Faransa tun 2018 ta kafa dokar hana amfani da waya a makarantun firamare da ƙananan sakandare. A 2023 hukumar UNESCO ta fitar da rahoto tana kira ga ƙasashe su taƙaita waya a aji in ba don amfanin karatu ba. A shekarar nan ɗaya shi kansa TikTok ya sa iyakar minti 60 a rana ga waɗanda ba su kai 18 ba, ko da yake iyaka ce da ake tsallakewa da danna ƴan lambobi. In mai tuwo da kansa ya fara cewa a ci a hankali, ai kin san akwai magana.

Saboda haka shawarata ta farko, kuma ita ce uwar sauran: wayar nan ta daina kwana tare da ke. Daga an idar da sallar isha'i, ki kai ta ɗakin Mama da hannunki, ki ce ta ajiye miki sai gobe in kin dawo daga lakkol. Ba a ƙarƙashin matashi a kashe ba, ba a jaka ba, ba a caji a gefen shimfiɗa ba. A hannun wani mutum wanda za ki ji nauyin tayarwa da tsakar dare. In da ita kike tashi da asuba, ai gidan yana da mai tayarwa, kiran salla ma ya isa. Ga bazara tana ƙaratowa, lokacin da zafin Afrilu da Mayu yake wuce maki 40, kowa ya fito da tabarma tsakar gida. Na sha tsayawa da dare in ga gida ya yi tsit, yara sun baje, sai wani ɗan haske shuɗi-shuɗi yana fitowa daga ƙarƙashin zanen da wata ta lulluɓa da shi har kai, cikin wannan zafin, gumi na zuba, ita ba ta ma sani ba. Ba na so ki shiga watannin bita a ƙarƙashin wannan zanen.

Kwana uku ko huɗun farko za su yi miki wuya, gara in faɗa miki tun yanzu. Za ki kwanta ki yi ta juyi, hannu yana lalube, ranki ya ɓaci ba dalili, ki ji kamar ana wani biki a duniya an bar ki a baya. Wannan ba alamar cewa dabarar ba ta yi ba ce, alamar cewa sabon yana sakin ki ne. Ki ajiye wani abu mai sauƙi kusa, azkar ɗin kwanciya, ko takardar da kika taƙaita darasin SVT, ilimin halittu da ƙasa, a kai, ki duba har ido ya yi nauyi. Cikin mako guda jikin da ya daɗe yana bin ki bashin barci zai karɓi abinsa.

To, darussan da ke cikin rukunin aji fa? Wannan hujja ce ta gaskiya, ban raina ta ba. Littattafai ba su wadata ba, malamai da yawa sun koma turo aiki ta WhatsApp, wanda ba ya ciki sai a wuce shi. Amma ki tambayi kanki tsakani da Allah: cikin saƙo ɗari da ke shigowa rukunin nan a rana, nawa ne darasi? Sauran ai gaisuwa ce da sitika da gardamar ƙwallo. Darasin ba ya bukatar wuni. Ki ware masa lokaci ɗaya a rana, misali bayan la'asar, minti talatin zuwa arba'in, a zaune a tsakar gida inda ido ke ganinki. Ki buɗe rukunin, ki sauke abin da aka turo, ki kwafe tambayoyin a kaye da hannunki, ko ki kai mai fotokopi ya fitar miki a takarda. Sannan ki rufe data, ki mayar da wayar, ki yi aikin a kan takarda. Ranar BAC takarda da bik za a ba ki, gara hannunki ya saba da su tun yanzu. Kuɗin fitar da takardun kuwa kina da su: dala ɗari duk kwana biyu, a wata jika 7 da rabi ke nan. Da wannan za ki fitar da tsofaffin jarabawowi na shekaru da dama, ki kuma koma cin kalacinki. Wannan na kalacin ya dame ni ƙwarai, ƴata. Yarinya ba barci, ba abinci a ciki, ta zauna tun safe har rana tsaka a gaban lissafi, me ake so kanta ya yi?

Shi TikTok kuwa, ra'ayina shi ne ki cire shi gaba ɗaya har sai kin fito daga ɗakin jarabawa ta ƙarshe. Na san akwai masu cewa a rage kawai, kuma ga wasu ragewar tana yi. Amma ke kin gwada kanki, kin ga minti goma ba ya tsayawa a goma. Bambancin wannan karon da sau ukun baya shi ne ba ke kaɗai za ki yi ba: Mama ta sani, wayar tana kwana a wurinta, kuma kin sa wa abin ranar ƙarewa. Zuciya tana iya jure abin da ta san iyakarsa, shi ya sa muke iya azumin wata guda. In kin ga cirewar gaba ɗaya ta fi ƙarfinki, to ki bar shi ranar Lahadi kaɗai, awa ɗaya da rana, a wayar wata ƴar'uwa ba a taki ba. In kuma makonni biyu suka wuce kika ga kina zagayewa kina karɓo wayar da dabara, sai a ɗauki mataki na gaba ba tare da jin kunya ba: a ajiye babbar, ki riƙe ƙarama mai madannai don kira, wata ƙawa ta kirki ta riƙa nuna miki abin da aka turo. Kafin ki fara komai, ki shiga saitin wayar, ki nemi inda aka rubuta Bien-être numérique. Zai nuna miki awoyin da kike yi a kowace manhaja. Ki rubuta lambar a bangon kayenki. In ta nuna awa 5 a rana, awa 35 ke nan a mako, wato kina yin wata makarantar ta biyu a ɓoye, wadda ba ta ba da takardar shaida.

Yanzu mu zo ga Baba, don na san shi ne ainihin abin da ya hana ki sukuni. Ki daina ɓoye masa sakamakon nan. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, kuma Damagaram ba ta da girman da magana za ta ɓace a cikinta: gobe ya haɗu da wani malaminku a masallaci ko a kasuwar Dole, a ce masa yaya aka yi yarinyar nan ta ja baya haka? In ya ji a waje, laifi biyu zai gani, faɗuwa da ɓoyewa, kuma na biyun ya fi ciwo ga uba. In kuwa ya ji daga bakinki, da takardar a hannu ɗaya, wayar a ɗaya hannun, da tsarin da kika riga kika fara bi, to wata yarinya ce daban a gabansa. Mai ƙwace abu yana ƙwacewa ne daga hannun da ya damƙe. Hannun da ya miƙo da kansa ba a ƙwace masa.

Ki fara da Mama. Shirun da ta yi ba rashin damuwa ba ne. Uwa ce tsakanin wuta biyu: in ta faɗa, tana tsoron abin da zai same ki, in ta rufe, tana tsoron ranar da za a ce da saninta. Ki sauke mata wannan kayan. Ki same ta lokacin da take ita kaɗai, ki ce, "Mama, na san na yi sake, waya ce ta ɗauke mini hankali, ga abin da na yanke, ina so ki taya ni, ki kuma raka ni wurin Baba." Ita ta san lokacinsa, ta san ranar da ya dawo da fara'a da ranar da ba a tunkararsa. In kun je, kada ki yi dogon bayani, kada ki ɗora wa malamai ko ƙawaye. Ki durƙusa ki faɗi gaskiya a taƙaice, ki nemi gafara a kan ɓoyewar, ki ce kina roƙon ya ba ki zuwa kompozisiyo mai zuwa ya ga canji. Zai iya yin faɗa, ki yi shiru ki saurara, faɗan yana da dalili. Zai iya cewa duk da haka a ba shi wayar. In ya ce haka, ki ba shi ba musu, ki roƙi rabin awar nan ta bayan la'asar kawai saboda darasi. In ma ya hana, BAC ɗinki bai rushe ba. Ɗalibai nawa suka ci jarabawar nan a garin nan da fitila da alli, tun ba a san wata aba WhatsApp ba?

Maganar aure da ya yi, ban ɗauke ta da wasa ba, ke ma kada ki ɗauka. Sai dai sau da yawa irin wannan furuci na uba tsoro ne ya sa rigar fushi. Mutum ne da ya tsaya ya bar ƴarsa ta kai ajin ƙarshe na lise, a ƙasar da ƴan mata masu yawa ake cire su tun kafin su kai BEPC, jarabawar gama CEG. Wataƙila ya sha magana daga dangi a kan haka. Yana tsoron a ce ga abin da muka faɗa maka. Wanda ya kawo ki nan ba maƙiyin karatunki ba ne. Duk da haka, aure ba bulala ba ne da ake horon wadda ta faɗi jarabawa da shi, kuma addininmu ya ce a nemi izinin budurwa kafin a aurar da ita. In kika ga maganar tana neman zama gaske, kada ki tsaya kuka a ɗaki, kada kuma ki yi fito-na-fito da shi. Ki nemi wanda yake jin nauyinsa, gwaggonki ko kawunki ko limamin unguwa, ya zauna da shi.

Yayanki ma yana da haƙƙi a cikin wannan zance. Daga guminsa ya cire ya saya miki, don ya ji daɗin 13 ɗin nan. Ki kira shi ki faɗa masa kafin ya ji an ce wayar da ya aiko ce ta ɓata yarinya, ya ji kamar shi ya jawo. Ki ce masa kyautarsa tana nan, kin dai ba ta hutu zuwa Yuli. Ina kyautata zaton zai fi kowa mara miki baya, kuma muryar ɗa namiji babba tana da nauyi a kunnen uba.

Ƙawaye kuwa za su yi tsegumi kwana biyu, wance ta daina amsa saƙo, ta zama malama. Ki faɗa musu sau ɗaya cewa ba kya kan layi da dare sai bayan BAC, shi ke nan. Na tabbata a cikinsu akwai biyu ko uku da ke cikin irin halinki, suna jiran wadda za ta fara. Su za ki jawo ku kafa rukunin bita. Ku samu ɗan allo da alli a zauren gidan ɗayanku, duk wadda ta shigo ta sa wayarta a kwano ɗaya a rufe a kai cikin gida, sannan ku fara.

Yadda za ki yi bitar ma yana da muhimmanci, don hankalin da ya saba da bidiyon daƙiƙa talatin ba zai zauna awa biyu a rana ɗaya ba. Ki fara da minti ashirin ba tashi, ki huta biyar, ki sha ruwa, ki miƙe ƙafa, ki koma. Bayan mako ki kai talatin, sannan arba'in da biyar. Kada ki yi ta maimaita karanta kaye kamar mai tilawa, ido yana wucewa a kai zuciya ta ce na sani alhali ba ta riƙe ba. Ki karanta sashe ɗaya, ki rufe, ki rubuta abin da kika tuna a allo ko a takarda, sannan ki buɗe ki ga inda kika yi tuntuɓe. Wannan ya fi wahala, kuma wahalar ce take sa shi zama. Ki ba lissafi da kimiyyar lissafi da SVT lokacinki mafi kyau, tunda su ne masu nauyi a serinku, kuma lokacin da ya fi kyau shi ne bayan asuba, in kin samu barcinki. Ki kuma je wurin malamin da kika fi sakewa da shi, ki ce, "Mushe, na ja baya, ina so in gyara, daga wane babi zan kama?" Malami yana gane ɗalibin da ya farka, kuma kaɗan ne za su juya miki baya.

Abu ɗaya nake so ki duba a zuciyarki, ke kaɗai. Wani lokaci ba daɗin bidiyon ne yake riƙe mutum ba, gudun wani abu ne: tsoron jarabawar kanta, kaɗaici, ko wata damuwa da in an kashe fitila take tasowa. In bayan makonni uku kina barci da wuri amma har yanzu ƙirjinki a cushe yake, ba kya jin daɗin komai, kuka yana zuwa ba dalili, ko abinci ya fita ranki, to wannan ya wuce maganar waya. Ki faɗa wa Mama, ku je asibiti ku ga ma'aikacin lafiya. In kuma akwai wanda yake damunki ta cikin wayar, yana neman hoto ko yana yi miki barazana, wannan kada ya kwana a cikinki, ki faɗa wa babba yau.

Kin ce likita kike so ki zama. Ba sai kin yi nisa ba, ga Jami'ar André Salifou nan cikin garinku da sashenta na kimiyyar lafiya, kuma seri D ita ce ƙofarsa. Ki rubuta sunanta a bangon kayen nan, kusa da lambar awoyin da wayar ta nuna miki, ki riƙa ganinsu tare.

Yau da dare, in an idar da isha'i, ki kai wa Mama wayar, ko da ba ki gama shirya abin da za ki ce mata ba. Maganar Baba kada ta wuce Juma'a mai zuwa. In sakamakon kompozisiyo ya fito, ki sake rubuto mini, ko 9 ne ko 11, ina so in ji, kuma ki faɗa mini ƙarfe nawa kike kwanciya. Allah ya yi miki albarka, ya ba ki sa'a, ya sanyaya zuciyar iyayenki a kanki.